Kyamarar Da Ba Ta Cika

Ɗanliti direban tarakta ne a gonakin Gadambaliya, kuma duk wanda ya taɓa cin tuwon dawar Gadarif ya ji gishiri ya ɗan yi yawa, to ya yi haƙuri, gumin Ɗanliti ne. Kakansa ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji. Da ya iso Gadarif damina ta tare shi, sai ya ce bari ya yi noman shekara guda ya haɗa guzuri. Har yau jikokinsa guzurin suke haɗawa.

Uban Ɗanliti yankan riɗi ya yi har bayansa ya lanƙwashe. Shi kuwa Ɗanliti a kambo ya tashi, wato sansanin 'yan ƙwadago da ke tsakiyar gona, inda ba inuwa sai ta rumfar kara. Ya fara da shafa giris da ɗaukar jarkar gas, ya sha ranƙwashin direbobi har kansa ya yi kanta, daga baya aka ba shi sitiyari. A nan ƙasar tarakta babur ake ce mata, direbanta kuma usta. Tun daga ranar da aka fara kiransa usta tafiyarsa ta canza, yana buɗe ƙafa kamar tarakta na nan a tsakaninsu.

Wadda ta gyara masa tafiya ita ce Rakiya, 'yar wani malami a Fau. Malamin nan bai yarda da hoto ba ko kaɗan, ya kuma dasa wa 'ya'yansa ƙinsa, har ranar bikinta mai hoto shayi kawai ya sha ya tafi. Rakiya mace ce mai baki. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, Usta take ce masa, amma tana da hanyar jan kalmar da za ka rantse zagi ne. Sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba, sai can da furfura ta fara leƙowa a gemunsa aka sami Najwa.

Shekarar da yaƙi ya tashi a Khartum, Waleed ɗan mai gonar ya dawo gida da jaka guda da dabaru cike da kai. Ya ce direbobi na barci a kan aiki, gas kuma na yin ƙafa. Sai ya fito da wata kyamara da ba ta fi akwatin ashana ba, irin wadda masu dirowa daga kan duwatsu ke ɗaurawa a hula. Ba ta da allo, ido ɗaya gare ta da maɓalli biyu. Ya ɗaure ta a gaban taraktar Ɗanliti tana kallon direba, ya jona ta da batir, ya kuma cike ƙofar memorinta da gam don kada wani mai wayo ya zare. Da ta sami wuta sai jan haske ya fara ƙiftawa, ta kama ɗauka ba sai an ce mata ba. Waleed kan tsaya can bakin gona da wayarsa, ba igiya ba komai, yana kallon fuskar direba.

"Usta, na gan ka kana gyangyaɗi."

"Zikiri nake yi, ya Waleed. Abar taka ba ta san zikiri ba ne?"

Wata rana Ɗanliti ya tambaye shi ko ba ta gajiya da haɗiyar fuskarsa. Waleed ya ce, "Wannan ba ta cika, ya ammi. Ko shekara za ta yi tana ci." Ɗanliti ya ji daɗin maganar, ya yi ta yawo da ita a kambo, yana cewa an kawo masa abokiyar aiki mai ciki irin na wakilin gona.

Kafin damina ta yi nisa gas ya yanke gaba ɗaya. Mai gona ya kwashi iyalinsa, har da Waleed, suka yi Masar, taraktoci suka tsaya kamar an yi musu mutuwa. Ɗanliti ya kwance kyamarar don kada ɓarayi su riga shi, ya kai ta gida.

Wata Juma'a bayan la'asar ya shigo gutiyya, ɗakinsu na ciyawa mai tsinin kai, ya tarar da Rakiya ta tsefe kai, ba ɗankwali, ƙafafunta ɗaure cikin lalle, Najwa na hawa bayanta tana zamowa. Ya san ba za ta iya tashi ba sai lallen ya kama. Sai shaiɗancin maza ya motsa masa. Ya ɗora kyamarar a kan akwati, ya jona ta da ɗan batirin da suke kunna ƙwan fitila, jan hasken ya fara ƙiftawa.

"Usta, idon mai gona me yake nema a ɗakina?"

"Caji take sha."

"To ta juya baya ta sha. Ko ba a koya mata kunya a Khartum ba?"

Ya ce ba ta gani in tana caji. Ta ce shi ma ba ya ƙarya in yana barci. Suka yi ta hira, ta yi wa Najwa waƙa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Can dai ta gaji da abin yana ƙifta mata, ta ɗauki silifa ta jefe shi, kyamarar ta faɗi rigingine tana kallon jinka. Ɗanliti ya bar ta haka na ɗan lokaci sannan ya zare. Niyyarsa in Waleed ya dawo ya nuna mata kanta a waya, ya ga yadda 'yar malam za ta yi.

Waleed bai dawo ba. Amai da gudawa ne ya zo, da ruwan tsakiyar damina. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san ko jaki sai ya yi shawara kafin ya taka ta. A kan kurar doki aka ɗora Rakiya, kuma ba ta kai gari da rai ba. Ɗanliti ya naɗe kyamarar a cikin ɗankwalinta ya jefa ƙasan akwati, ya kai Najwa wurin yayarsa a cikin Gadarif, ya koma kambo. Da gas ya samu wakili ya sake tayar da aiki, ya hau taraktarsa. Masu cewa ya daure ba su lura ba ne cewa ya daina ba kowa amsa in an tsokane shi.

Damina biyu ta wuce. Wata ranar kasuwa ya zo gari ganin 'yarsa, tana zaune a cinyarsa tana wasa da gemunsa, sai ta ce, "Baba, wushiryar Inna a sama take ko a ƙasa? Gwaggo ta ce a sama, matar maƙwabta ta ce a ƙasa."

Ɗanliti ya rufe ido ya nemi fuskar Rakiya. Ya sami goshi, ya sami 'yan kunne, ya sami muryar tana jan Usta, amma bakin kamar an shafa masa hannu. Matar da ya zauna da ita shekaru masu yawa, ga shi bai san inda wushiryarta take ba, kuma a faɗin duniya babu hotonta ko guda sai wanda ke ƙasan akwatinsa. Ya ce wa yarinyar ta bari, zai nuna mata da idonta.

Ya rabu da akuyarsa ya sayi waya mai shafawa, ya nufi kasuwar Gadarif, layin masu gyaran waya. A nan ya faɗa hannun Taha, wani siririn mutum mai tabarau da yaƙi ya koro daga Madani. Shagonsa na can ya tafi, wannan tebur ne da laima.

Taha ya jujjuya kyamarar ya ce, "Wa ya yi mata wannan aika-aika da gam? Ka bar min ita, Usta. In narkar da shi a hankali, in zaro memorin, in sa a kwamfuta. Jibi ka zo ka karɓa a wayarka."

"In ka sa a kwamfuta, wa zai gani?"

"Ni, sai allon."

Ɗanliti ya dubi samarin da suka cika bencin suna jiran caji, kowa kansa a sunkuye, suna tura wa juna abubuwa suna ƙyaƙyatawa. Ya san yadda bidiyon bikin 'yar wani mutumin kirki ya bi wayoyin kambo har ya kai Showak. Ya miƙa hannu ya karɓi abarsa.

"Iyalina ce a ciki, kuma kanta ba ɗankwali."

"Sai in rufe ido."

"Da idon rufe za ka yi aikin?"

"To ka zauna a nan in yi a gabanka."

"Ka sa mata wuta da wuƙa, in memorin ya ƙone ka ce min ma'alesh, in yi haƙuri. Ni na ga ɗan mai gona yana kallo daga bakin gona ba igiya. Wannan hanyar za ka koya min. Ni kaɗai zan yi."

Taha ya cire tabarau ya goge. Shi ma ya bar kabarin uwarsa a Madani, bai yi gardama ba. Ya sauke masa manhajar kyamara a waya, ya nuna masa inda ake kunna wai-fai. Ya ce in an danna maɓallin gefe aka riƙe, kyamarar za ta saki sunanta a iska, wayar ta gani, a taɓa sunan, a sa lambar sirri. Irin waɗannan, in ji shi, daga ɗaya zuwa takwas ne in ba a canza ba.

"Kawo mu gwada sau ɗaya ka gani."

"A nan? Ka ce min sunanta take saki a iska. Wayoyi nawa ne a layin nan?"

"Sai da lambar sirri, Usta."

"Wadda ka faɗa yanzu da ƙarfi, har mai shayi ya ji."

Haka aka yi Taha bai taɓa ganin kyamarar a kunne ba.

Batirinta na ciki ya daɗe da mutuwa, ba ta tashi sai a jone. Don haka duk ranar da aka tashi aiki da sauran rana, Ɗanliti kan ja taraktarsa can ƙarshen gona, inda ba kowa sai dawa da tsuntsaye, ya duba gabas da yamma, sannan ya jona ta da batir. Jan hasken ya fara ƙiftawa. Ya riƙe maɓallin gefe, sunan ya fito a waya, ya sa lambobin da babban yatsansa mai kaushi wanda allon ke ɗauka kamar yatsu uku ne. Wayar ta ce an haɗu. Ya buɗe manhaja, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan komai ya katse.

Ya koma wurin Taha, Taha ya ce manhajar ce ba daidai ba. Suka jira shabaka, wato netwok, ta dawo, don a lokacin sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, aka sauke wata. Zoben wannan shuɗi ne, shi ne kawai bambancin. Taha ya ce ko nisa ne, ya matso da wayar. Ɗanliti ya haɗa su goshi da goshi. Ya ce ko zafi ne, Ɗanliti ya yi musu inuwa da rawaninsa shi ya zauna a rana.

Tun yana zare ta da zarar abin ya katse, har ya koma barin ta a jone. Jan hasken nan da ke ƙiftawa ya zame masa kamar numfashi. A ransa, in dai yana ƙiftawa to Rakiya na ciki, ƙofa ce kawai ta ƙi buɗuwa. Sai ya fara yi mata magana. Ya gaya mata Najwa ta fara famfara. Ya gaya mata wakili ya ƙara aure kuma cikinsa bai ragu ba. Ya gaya mata ya sayar da akuya, ta yi haƙuri. Wani lokaci sai ya zauna kawai yana kallon idon har rana ta yi ja. Haka aka yi shuka, aka yi noma, riɗi ya yi fure ya zubar. Duk zuwansa gari Najwa kan tare shi a ƙofa ta ce, "Yau ne?" Shi kuma ya ce shabaka.

Ana gab da yankan riɗi Taha ya gano matsalar, wajen gyara wa wani baƙo irin kyamarar. Da ya hango Ɗanliti tun daga nesa ya fara ɗaga masa hannu.

"Wayarka ce munafuka, Usta. In ta haɗu da kyamara ta ga ba intanet a wurinta, sai ta sake ta ta koma wa data. Ka kashe data tukuna, ga wurin nan. Shi ke nan, ba wani abu."

Ɗanliti ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, har ya sa aka kawo musu jabana, gahawar ƙasar. Cikin hira Taha ya ce Allah ya sa dai memorin na da ƙarfi, bayan duk wannan ajiya.

"Ƙarfi? Wannan ko cika ba ta yi. Yaron da kansa ya gaya min, ko shekara za ta yi tana ci."

Taha ya ajiye finjalin da ke hannunsa.

"In ka jona ta, akwai hasken da ke kamawa?"

"Ja. Yana ƙiftawa."

"Da kansa, ba ka danna komai ba?"

"Da kansa."

"Kuma kana barin ta a jone?"

"Wani lokaci har magariba. Me ya faru?"

Taha ya yi masa bayani a hankali, yadda ake gaya wa mutum rasuwa. Babu memorin da ba ya cika. Wanda ya ɗaura ta a tarakta ya saita ta ne yadda in ta cika za ta share mafi tsufa ta rubuta sabo a kansa. Jan hasken nan ɗauka ce. Duk zaman da ya yi a gabanta, ci take yi daga baya tana tahowa.

"Da ka bar ni na gan ta a kunne ko sau ɗaya," Taha ya fara, sai ya canza magana. Ya ce, "Ta yiwu ba ta kai wurin ba. Akwai na aikin gona a gaba, shi za ta fara ci. In ka jona, da hasken ya kama ka danna maɓallin sama ka tsayar da ita. Kada ka jira komai."

Ɗanliti bai ƙarasa jabanarsa ba. Ya so ya tafi shi kaɗai, amma Najwa ta ga fuskarsa ta ce yau ne, ta riƙe jallabiyarsa ta ƙi saki. Suka hau motar kambo tare. A ƙarshen gona ya zaunar da ita a kujerar direba, ya kashe data, ya yi bisimilla ya jona. Hasken ya kama. Yatsansa ya zame daga maɓallin, sai a karo na biyu ya same shi. Sunan ya fito, ya sa lambobin, zoben ya juya sau ɗaya ya ɓace. Allon ya cika da ƙananan hotuna jere a jere.

"Baba, ga ka nan," in ji Najwa. "Ga ka kuma. Nan ma kai ne."

Ya ja allon sama. Shi ne da rawani, shi ne ba rawani, shi ne hancinsa ya cika hoton yana leƙen maɓalli. Bayansa riɗi na komawa baya, daga mai fure zuwa ɗan tsiro zuwa baƙar ƙasa. Yarinyar ta taɓa ɗaya, muryarsa ta fito yana ba da labarin auren wakili, ta yi dariya. Ta taɓa wani, wannan ba magana, mutum ne kawai zaune yana share fuska da gefen rawani.

"Me ya shiga idonka a nan?"

"Ƙura."

Ya ci gaba da ja har allon ya ƙi tafiya. Hoto na ƙarshe ba fuskarsa ba ce, ba kuma ta kowa ba. Ciyawar jinka ce da sandunan da suka haɗu a tsakiya, da ɗan haske na shigowa ta wata ɓula da ya yi ta alkawarin toshewa. Ya taɓa. Aka ji ƙaramar yarinya na ƙyalƙyala dariya, sannan wata murya daga gefe.

"Usta, miƙo min silifata. Kuma in ka gama wasa da kayan mutane, ruwa ya ƙare a tulu."

Aka ji shi yana cewa ta bari lallen ya kama. Aka ji ta yi tsaki mai haɗe da dariya. Sai ƙarar hannu a kan igiyar batir, hoton ya tsaya.

Najwa ta juya wayar ta leƙa bayanta, ta karkata ta hagu da dama ko za ta hango gefen ɗakin.

"Tana ina?"

"Tana nan gefe kaɗan."

"To ka juya ta."

"Ba ta juyuwa, uwata."

Ta sa ya maimaita mata har batirin wayar ya yi ja. A hanyar komawa ta sake tambayarsa wushiryar. Ya ce a sama, don dai ya ce wani abu, ita kuma ta riƙe. Yanzu haka take gaya wa ƙawayenta a makaranta, har da nuna wurin da yatsa.

Daga baya ya tambayi Taha abu ɗaya. Wannan ɗan lokacin da yatsansa ya zame, shin ya isa ta share wani guntu, wanda ya riga na jinka, mai fuskar Rakiya? Taha ya ce a'a da sauri, amma wayar wani yake kallo lokacin da ya faɗa.

Ɗanliti na nan a Gadambaliya, bana ma shi ya yi wa wakili shuka. Kyamarar ta koma cikin ɗankwali a ƙasan akwati, bai sake jona ta ba. Guntun jinkar yana cikin wayarsa, ba ya kunna shi in da namiji a kusa, don ya ce murya ma iyali ce. In an tashi aiki har yanzu yakan ja taraktar zuwa ƙarshen gona. Yaran kambo na cewa shabaka ta fi kamawa a can, shi kuma bai taɓa gyara musu ba.